A Istanbul ɗan ƙauye ba ya ɓoye sunan garinsu

Wani dattijo mai shayi ya rasu da asuba a unguwar Esenler ta Istanbul. Kafin la'asar 'yan ƙauyensu sun kammala takardu, an ɗauki gawa, bas cike da 'yan rakiya ta kama hanyar garinsu a lardin Sivas, tafiyar kusan kilomita 900. Babu wanda ya zaga da ƙoƙon bara. Wannan abu ya tsaya mini a rai.

Ga yadda suke yi. A dokar Turkiyya mutum 7 sun isa su yi rajistar ƙungiya. Sai 'yan ƙauye ɗaya, ƙauye fa, ba lardi ba, su kama ɗaki a ƙasan bene, su kafa allo da sunan garinsu, su zuba tebura da tukunyar shayi mai hawa biyu da ƙananan kofunan gilashi, su manna hoton dutsen garin a bango. Akwai littafin sunaye gida-gida, akwai kuɗin wata da rasit, kuma asusun banki da sunan ƙungiya yake. Baƙon da ya sauka daga mota nan zai nufa, a sama masa wurin kwana da aikin gini ko na gidan burodi. Har lambar mota abin tinƙaho ce: lardunansu 81 kowanne da tasa, ɗan Sivas na maƙala 58 a sunan shagonsa, ɗan Trabzon 61.

Mu kuwa? Ka haɗu da Bahaushe a unguwar Aksaray ko Laleli ta Istanbul wajen sarin kaya, ka tambaye shi gida, ya ce Kano. Sai hira ta yi nisa, harshe ya tona shi, ka gane ashe rafi ɗaya kuka yi wanka, ranar kasuwa ɗaya kuka ci. Daga nan a buɗe zauren WhatsApp. Kuɗi na shiga asusun mutum ɗaya, ba rasit, ba mai binciken lissafi, ya ranta ya ƙara jari da niyyar mayarwa, ranar rasuwa a nemi kuɗi a rasa, zumunci ya watse.

Kada a ce ba mu iya ba. Tun zamanin fataucin goro muna da mai masauki da Sarkin Zango, daga Kumasi har Sabo ta Ibadan, kuma wajen karɓar baƙo ban yarda sun fi mu ba. Sai dai namu a kan mutum yake rataye, in ya faɗi ya tafi da shi.

Kuma ban ga laifin mai cewa Kano ba sosai. Baturke na faɗin ƙauyensu ne don kwalta ta kai can, da wuta, yana komawa hutun bazara da iyalinsa. Namu da damina gada ke karyewa, a hau tudu neman sabis, a wasu wuraren ma 'yan bindiga sun tashi garin, waɗanda za a rubuta a littafin sun warwatsu a gefen birane.