Albasar Aliero da Baturen da bai san ana jiransa ba

Tun da na sayi waya mai kyamarar kirki wata cuta ta kama ni, ta ɗaukar hoton abin da babu wanda ya aike ni: ƙofar shago shuɗiya da tsatsa ta fara ci, barkono da aka shanya a bakin titi, jarkokin mai ruwa. Kowa Argungu yake rugawa lokacin bikin kamun kifi, ni kuwa bangon gidan mutane ne ke tsayar da ni.

A Aliero abin ya ritsa da ni. Na sauka da hantsi, ƙurar hunturu ta tausasa rana, sai ga tulin albasa ya fi tsayina, ja-ja mai ratsin shuni, ɓawonta na ƙyalli. A bayansa bango kore, a gefe wata tsohuwar jarka rawaya da aka toshe bakinta da leda. Wallahi sai da na ce Masha Allah. Na durƙusa ina saita waya.

"Sannu da zuwa, ɗana. Legas za a kai ko Anaca?"

Wani dattijo ne a kaina. A garin albasa, duk wanda ya durƙusa da waya gaban tuli dillali ne, zai tura wa maigidansa ta WhatsApp. Kafin in buɗe baki an shimfiɗa mini tabarma, an aika yaro sayen fura.

Na ce, "Baba, ni launin kawai ya burge ni."

Ya dubi na kusa da shi, suka yi murmushi irin na waɗanda suka ga sabon salon neman ragi. Ya ce, "Awo, launi akwai shi. Ta bushe sarai, ba ta ruɓewa a hanya."

Sai karambani ya sa na shiga ba shi tarihi. Na ce akwai wani Ba'amurke, William Eggleston, wanda a 1976 aka baje hotunansa masu launi a wani babban gidan adana zane-zane na New York, lokacin da masana ke ganin hoton baƙi da fari ne kaɗai na manya. Keken yara mai ƙafa uku ya ɗauka, da jan silin ɗaki, masu sharhi suka yi ta kushewa, yau kuwa ana sayen su da tsabar kuɗi masu yawa.

Baba ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Da ya ji an ambaci kuɗi ya gyara zama.

"To shi Baturen, buhu nawa shika so?"

Ina cikin rantse-rantse ya ba da umarni a gyara wuri, kada a kunyata Aliero a ƙasar waje. Aka janye jarkata, wai ƙazanta ce. Aka share ɓawon da ke ƙasa. 'Ya'yansa suka jeru gaban tulin, hannu a ƙirji, ɗaya har ya ari tabarau. Babu bango, babu jarka, albasar ma sai ta tsakanin ƙafafu ake hango ta. Haka na ɗauka.

Wanda ya sha furar mutane ba ya tashi hannu rabbana. Na sayi rabin buhu, na biya kuɗin kujera biyu zuwa Birnin Kebbi, fasinjoji na toshe hanci suna hararata. Uwargida ta tambaya ko suna za a yi a gidan ba ta da labari.

Lambata tana hannun Baba. Jiya bayan Asuba ya kira, ya ce in gaya wa Alhaji Wiliyam ya yi sauri, farashi ya fara tashi.