Kuɗin taimako ba ya ɗaga jirgi daga ruwa

Duk lokacin da hoton The Sullivans, tsohon jirgin ruwan yaƙin Amurka da aka mayar gidan tarihi, ya sake yawo, wanda aka ɗauka a Afrilun 2022 yana kwance a gefen damansa a bakin ruwan birnin Buffalo na jihar New York, sai ka ga masu cewa "ai masu son tarihi su haɗa kuɗi su gyara abinsu, a bar kuɗin haraji." Wannan magana tana ƙona mini rai, domin abin da suke nema a yi shi ne ainihin abin da aka yi, kuma sakamakonsa ne suke kallo a hoton.

Mutanen Buffalo sun yi karo-karo. A 2021, da jirgin ya fara shan ruwa, an buɗe asusu har aka tara dala miliyan ɗaya. Me dala miliyan ɗaya take saya? Masu nutso da gam ɗin efoksi. Aka shiga liƙe ƙasan jirgin yana zaune cikin ruwa, hunturu ya zo aka dakata saboda gam ɗin ba ya kamawa a ruwa mai sanyi sosai, kafin a kammala sai jiki ya ɓule, ruwa ya shiga fiye da yadda injinan zuƙa za su iya fitarwa. Babu laifin wanda ya ba da dala goma ko ashirin. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Laifin na waɗanda suka bar wa talakawa aikin da ya fi ƙarfin aljihunsu ne.

Ku dubi jikin jirgin kansa. An saka shi ruwa a 1943, an ƙera shi don gudu, shi ya sa ƙarfen jikinsa bai kai kaurin milimita 10 ba a wurare da yawa tun yana sabo. An kawo shi Buffalo a 1977. Tsatsa kuma ta fi cin daidai layin da ruwa ya tsaya, inda ƙarfe ke jiƙewa ya bushe ya sake jiƙewa, ga ƙanƙarar hunturu tana gogar fenti. Daga ciki ma ana cinsa: gumin ƙarfe da ruwan sama suna taruwa a can ƙasa, cikin tankuna da lungunan da baƙo mai tikiti ba ya taɓa gani. Idan farantin ƙarfen jikin jirgi ya sirance ya koma kamar kwanon rufi, ba ka da abin da za ka yi wa walda, wuta na taɓa shi sai ya huje. Liƙi a irin wannan wuri jinkiri ne kawai.

Magani ɗaya ne: a fitar da jirgin daga ruwa. A ja shi zuwa ramin gyara, a zaunar da shi kan tubala, a zuƙe ruwan, a wanke ƙasansa da ruwa mai ƙarfi, a auna kaurin kowane faranti da na'ura, a yanke ruɓaɓɓen a sa sabo, a toshe tsofaffin ƙofofin da ruwa ke shiga injin, a shafa fenti hawa-hawa, sannan a ɗaura sababbin ƙarafan da ke shanye tsatsa a madadin jikin jirgin. Shawarar rundunar ruwan Amurka ita ce a yi haka duk shekara 20. Kuɗin wannan ba na asusun taimako ba ne.

Jihar Texas ta ware dala miliyan 35 a 2019 domin jirginta na yaƙi na 1914. An kai shi Galveston a Agustan 2022, ya koma ruwa a Maris 2024 bayan an sauya ƙarfe wajen tan 700. Jirgin yaƙi na New Jersey ya shiga ramin gyara a Philadelphia a 2024, aikin kusan dala miliyan 10, rabinsu daga jihar. Shi kansa The Sullivans, bayan ya kwanta, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin dala miliyan 7.5, jihar New York kuma ta ƙara miliyan 10. Ashe kuɗin yana nan. Sai da duniya ta ga jirgin ya karkata aka tuna da shi, alhali da an fitar tun farko da an huta da kuɗin ceto, da na masu nutso, da na tsane kayan tarihin da suka jiƙe.

Za a ce asibiti da makaranta sun fi cancanta. Babu mai gardama, amma ba kasafin asibiti ake ɗiba ba, kuma barin jirgi ya nutse ma ba kyauta ba ne: janye shi da yanka shi da share man da ya malala duk hukuma ce za ta biya. Za a ce a ƙara kuɗin tikiti. Tikiti albashi yake biya da wutar lantarki da fentin saman bene. Jama'a su ne masu goge tagulla, masu zagayawa da ɗalibai, masu kankare tsatsa ranar Asabar, kuma jirgi ba ya rayuwa sai da su. Amma faranti na ƙarƙashin ruwa aikin baitulmali ne.

Jirgin nan sunan 'yan'uwa biyar yake ɗauke da shi, 'yan garin Waterloo a jihar Iowa, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda suka mutu bayan an nutsar da jirginsu Juneau a Nuwamban 1942. Ƙasar da ta karɓi 'ya'ya biyar daga gida ɗaya bai kamata ta tsaya jiran kwanon bara ba.