A daina sayen kwamfutar da ba ta karɓar kayan wani kamfani

Tun da kamfanin Intel ya fitar da ATX a 1995, wato tsarin bai ɗaya na ƙera kayan cikin kwamfuta, mai gyaran kwamfutar tebur ya samu sa'ida. Girman madabod, babban allon da ake haɗa sauran kayan a kansa, sananne ne, milimita 305 da 244, ramukan sukurori wuri ɗaya suke, soket ɗin wuta kuma yanzu fil 24 ne, ko wane kamfani ya ƙera. Akwatin wuta ya ƙone? A cire, a sa wani.

To amma buɗe kwamfutocin ofis na hannu da ake shigo mana da su, waɗanda suka cika makarantu da shagunan buga takardu. Da yawa cikin na Dell da HP soket ɗinsu fil 6 ne ko 8, na kamfanin kaɗai. Volt 12 zalla akwatin ke bayarwa, madabod ne ke sauke shi zuwa 5 da 3.3. A inda wuta ke zuwa da ƙarfi ta ɗauke ba sallama, akwatin nan ne kan fara mutuwa. Akwai adafta, amma a yi hattara: layin da ke riƙe wuta sa'ad da kwamfuta take kashe volt 5 ne a ATX, su kuwa na Dell da HP ɗin nan 12 suke so. Adaftar da ba ta da ɗan allon ɗaga wuta ba za ta tada injin ba, wadda jerin wayoyinta ya saɓa kuma tana iya ƙona madabod. Haka lafiyayyar kwamfuta ke zama bola saboda soket ɗaya.

Dubi RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, inda JEDEC, ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki, ta tsayar da ƙa'ida. RAM samfurin DDR4 na laftof fil 260 ne, DDR5 kuma 262, an gusar da tsagar don kada ka cusa wanda bai dace ba. Shi ya sa lika RAM da dalma a kan madabod ke ba ni takaici, balle tun Disambar 2023 akwai siririn tsarin RAM mai suna CAMM2 da ake ɗaurewa da sukurori.

Kamfanoni ba sa sakin ribar tilasta wa mutane sayen kayansu kaɗai don Allah. Sai da Tarayyar Turai ta yi doka kafin soket ɗin caji na USB-C ya zama dole a sabbin wayoyin salula da ake sayarwa a can daga 28 ga Disambar 2024. Mu abin da ke hannunmu takardar kwangila ce. Duk ma'aikatar da za ta sayi kwamfuta ɗari ta rubuta: wuta ta ATX, RAM mai cirewa, ma'ajiyar bayanai mai tsarin bai ɗaya na M.2 2280, cajar laftof USB-C. A buɗe guda ɗaya a duba kafin a biya ɗan kwangila.