Cornel West, malamin da bai ɗaga wa Obama ƙafa ba

Na daɗe ina jin sunan Cornel West, malamin jami'a baƙar fata ɗan Amurka, amma sai kwanan nan na zauna na saurari laccarsa daga farko har ƙarshe. Falsafa yake koyarwa, sai dai yana magana kamar mai wa'azi, yana kiran kowa ɗan'uwa, har wanda suke saɓani da shi. Da na gano cewa jikan limamin coci ne, sai mamakina ya ragu. An haife shi a Tulsa ta jihar Oklahoma a 1953, ya kuma sami digirin digirgir a Jami'ar Princeton a 1980.

Littafinsa Race Matters ya fito a 1993, shekara guda bayan tarzomar Los Anjeles, wadda ta ɓarke sakamakon wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King duka. A ciki ya nuna cewa bayan talauci da wariya, akwai wata cuta da ke cin baƙar fatar Amurka, wato yanke ƙauna da raina kai, kuma ya zargi masu sassaucin ra'ayi da masu ra'ayin riƙau baki ɗaya da kawar da kai daga gare ta.

Abin da ya fi ɗaga darajarsa a idona shi ne yadda ya yi da Barack Obama. Ya yi masa yaƙin neman zaɓe a 2008, amma da ya ga gwamnatinsa tana lallaɓa manyan bankuna, talaka na rasa gidansa, jirage marasa matuƙa kuma suna kashe mutane a Pakistan da Yaman, sai ya fito ya soke shi ba tare da la'akari da launin fatarsu ɗaya ba. Wannan ya jawo masa baƙin jini a tsakanin mutanensa, har tsohon amininsa Michael Eric Dyson ya caccake shi a rubuce a 2015. Gaskiya ne wasu kalamansa sun yi kaushi fiye da kima, kuma akwai ƙanshin ɓacin rai a cikinsu, amma hujjojinsa suna nan daram.

Inda na rabu da shi shi ne takarar shugaban ƙasa da ya tsaya a 2024 a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Ƙuri'un da ya samu ba su taka kara sun karya ba, kuma watannin da ya ɓata yana neman a sa sunansa a takardar jefa ƙuri'a a jihohi sun fi amfani a ɗakin lacca.