Sitad ko tele: gardamar fadar Bukoki

Fada ce a Bukoki, bakin shagon Alhaji Bazabarme, inda tele ke zaune bisa tebur an ɗaure ta da sarƙa. Ana jiran mach ɗin Turai na dare. Mai shayi na fifita gawayi, Mushe na gyaran takardun ɗiyan lakwal, Ɗan Amurka (Ba'adare ne, ya zo hutu) na latsa waya, Malam kuwa na gefe bisa buzu da tasbaha, rawani ya sauko ya rufe mai kunnuwa. Sai ga Bagobiri ya diro daga kabu-kabu, takalmi ƙafa guda, murya ta dishe.

BAGOBIRI: Salamu alaikum. Mai shayi ba ni na farko mai ɗaci, maƙoshina ya mutu.

ALHAJI: Taubashi lafiya? Kura ta biyo ka ko masu bashi?

BAGOBIRI: Daga sitad nike. Wallahi yau an taka balo, duk wanda bai tai ba ya yi asara.

ALHAJI: Nawa aka tashi?

BAGOBIRI: An dai ci.

ALHAJI: Wa ya ci?

BAGOBIRI: To lokacin na duƙa ina karɓar canji ga mai piya wata, sai na ji sitad ya ɗauka gaba ɗai, ni ko na miƙe na daka tsalle na rungume wanda ke kusa da ni.

MUSHE: Bon, kuma ihun na wane gefe ne?

BAGOBIRI: Sai da munka kai ƙasa ni da shi na gane mu anka ci. Can takalmin ya rage.

ALHAJI: Kun ji ko. Ka biya kabu-kabu, ka biya tike, rana ta gasa ka bisa siminti, an ci ba ka gani ba, ka dawo gurgu. Ni nan ina kishingiɗe za a nuna min ci ɗaya sau uku, ta gaba, ta baya, ta sama, a ralanti har in ga zufar gardiyan.

BAGOBIRI: Kai ba gani kake ba Alhaji, nuna maka akai. Wani bature can cikin mota shi ka zaɓa maka inda za ka duba, balo ta yi dama ka yi dama, ta yi hagu ka yi hagu. Ni a sitad ina ganin yaron da ya ɗebo gudu tun daga baya ba wanda ya kula shi, ina ganin ramin da masu tsaron baya sunka bari tun kafin a jefa balo ciki, har in kwatsa musu tsawa. Kuma in na zagi arbit shina ji na. Kai in ka zage shi Hajiya kaɗai ka ji, ita ma ta ce ka rage murya yara na kwana.

MALAM: Lagawu. Duk lagawu ne da ɓata lokaci.

Ba wanda ya tanka ma Malam, kullum haka yake cewa, kuma kullum sai an kashe tele yake naɗe buzu.

BAGOBIRI: Ina kake ran 10 ga watan Oktoba na 2010? Masar fa, masu kofin Afirka uku a jere, 2006, 2008, 2010, sunka zo Yamai suna taƙama. Tun da hantsi munka cika sitad ɗin Seyni Kountché, wurin da anka ce na mutum dubu 35 ne, rannan Allah kaɗai ya san adadinmu. Da ɗan wasanmu Maazou ya zura ta, wannan kam da idona na gani, simintin da nike tsaye bisa sai da ya motsa, wani tsoho da ban sani ba ya aza min hularshi a kai shina kuka. 1 da 0. Wace tele ka ba ka hular tsoho?

ALHAJI: Ka mayar mai da hular?

BAGOBIRI: Wannan wata magana ce daban.

MUSHE: Donk, tunda ka taɓo wannan zagayen na neman shiga kofin Afirka, bari in tuna maka yadda ya ƙare. Oktoba 2011, mu mun sha 3 da 0 a Alƙahira. Afirka ta Kudu na gida a Nelspruit, sun yi 0 da 0 da Saliyo, suka yi ta jan lokaci don sun ɗauka kunnen doki ya ishe su. Arbit na busa tashi suka kama rawa, 'yan wasa da 'yan kallo, sitad guda ana cashewa. Ashe ba wanda ya karanta doka. Mu uku, da mu da Afirka ta Kudu da Saliyo, kowa maki 9, kuma abin da ake dubawa shi ne karawar da aka yi tsakanin juna, nan Mena, ƙungiyarmu ta ƙasa, ta fi. Mu muka tafi kofin Afirka, CAN 2012, karonmu na farko, su suka tafi gida da rawarsu.

ALHAJI: Ka ji mutanen sitad. Dubbai na rawa kan ƙarya.

BAGOBIRI: To ai tele ce ta ɗauki rawar tasu ta watsa ma duniya, da ba ita ba da asirinsu a rufe.

ALHAJI: Kuma kai mai sitad, shekarun da CAF, hukumar balon Afirka, ta ce filin bai cika sharaɗi ba, Mena na karɓar baƙi a Maroko, wai mu ne masu gida a Marakesh, ina ka kalla? Ba nan bisa bencina ba, kana shanye min shayi?

BAGOBIRI: Larura ce. Mai larura ko taimama shina yi.

MALAM: Kar ka sa addini cikin shirme.

Nan Ɗan Amurka ya aje waya ya gyara zama, kowa ya san za a sha labari, mai shayi ma ƙara gawayi ya yi.

ƊAN AMURKA: Men, ku duk ba ku ga sitad ba. Mu can Greensboro, inda 'yan Nijar sunka yi yawa, wani abokin aikina ya ɗauke ni a mota munka tai Charlotte kallon Panthers, balon Amurkawa, wadda ake sa hular kwano da kafaɗun roba. Mutum ya fi dubu 70. Kuɗin tike ba ni faɗi, kar Alhaji ya suma.

ALHAJI: Yaya wasan yake?

ƊAN AMURKA: Mutum 11 nan, 11 can. Ana ba ku dama 4 ku ci yadi 10, in kun ci a sake ba ku 4. Su duƙa, su yi karo, daƙiƙa biyar an gama, kowa ya tashi ya kakkaɓe jiki, a taru a yi shawara, a sake duƙawa.

BAGOBIRI: Shawarar mi?

ƊAN AMURKA: Ta karon da za a yi nan gaba. A agogo minti 60 ne, kashi 4 na minti 15, amma mun fi awa 3 zaune cikin sanyi.

MUSHE: Jaridar Wall Street Journal ta taɓa lissafawa a 2010, ta ce ainihin lokacin da balo ke motsi bai wuce kamar minti 11 ba.

MAI SHAYI: Minti 11? Na farkona ma bai tafasa ba.

ƊAN AMURKA: Tsaya ka ji. Ana cikin wasa sai in ga wani mutum bakin fili da dogayen safar hannu ruwan lemu, ya shigo ya harɗe hannuwa, kowa ya tsaya cak har arbit. Na ce wanga gwamna ne? Abokina ya ce a'a mutumin tele ne, talla ake sa ma na gida. Men, mu dubu 70 da munka biya kuɗi muna zaune muna jiran a gama tallar mota da fiza ga mutumin da ke kwance bisa kujera gidanshi.

ALHAJI: Allahu akbar. Ƙasar da ta san darajar mai tele ke nan.

ƊAN AMURKA: Ba ka ji komi ba. A tele akwai wani layi ruwan ɗorawa da ke nuna inda yadi 10 za ya cika. Ni ko na shiga ina ta neman layin bisa ciyawa, na tambayi na kusa da ni ko ruwa ya wanke shi. Ashe babu shi, kwamfuta ke zana shi, tun 1998 suke yi ma masu kallo a gida. Daga ƙarshe na lura duk sitad ɗin kowa ya ɗaga kai sama shina kallon wani ƙaton ekuran. Wato mota munka yi awa ɗaya da rabi, munka biya, don mu kalli tele a waje.

MUSHE: Wasan dama don tele aka gyara shi. Ranar Super Bowl, final ɗinsu, a 2024 tallar daƙiƙa 30 ta kai dala miliyan 7, ya haura miliyar 4 na sefa.

MAI SHAYI: Dala tamu ko tasu?

MUSHE: Tasu.

MAI SHAYI: To a gai da su.

BAGOBIRI: Wannan na bar maka Alhaji, ka riƙe. Wasan da ake tsayawa shawara ba nawa ba ne.

MUSHE: Rugbi ma rabi nashi ne. Mutum 15 kowane gefe, ba a miƙa balo da hannu sai baya. In aka yi kuskure sai 8 nan 8 can su haɗa kawuna su duƙa suna turin juna, kamar mutanen da dala ashirin ta faɗi musu a kasuwar Katako. In kana sitad duwawu 16 kaɗai za ka gani, sai ka ji usur, ba ka san laifin wa ba. A tele kuwa arbit na da makirfo a jiki, kana jin shi yana ma kaftin bayani, ƙato mai kilo 120 ya sunkuyar da kai ya ce to.

BAGOBIRI: Ba su kewaye shi su yi mai ihu?

MUSHE: Ka yi a mayar da ku baya mita 10. A final ɗin kofin duniya na 2023 a Faransa, Afirka ta Kudu ta ci New Zealand 12 da 11, kaftin ɗin New Zealand Sam Cane ya sha jan kati bayan an sake duba hoto, ya fita salin alin.

ALHAJI: Wannan karon sun karanta doka kafin rawa?

MUSHE: Sun karanta. Amma akwai wadda Bagobiri zai so, balon Ostareliya. Filin kamar ƙwai, na Melbourne ya kai mita 160 a tsawo, mutum 18 kowane gefe, babu orje, kowa ya tsaya inda ya ga dama. Kamara ba ta iya haɗiye shi, a tele sai ka ga an narka balo sama ba ka san wa ake nufi ba, shi ya sa ranar final mutum dubu 100 ke cika wurin. Sanduna 4 ne, in ta bi tsakiya maki 6, in ta kauce ta bi ta gefe a ba ka 1.

BAGOBIRI: Tsaya Mushe. Ka ɓarar kuma a ba ka maki?

MUSHE: Ɗaya.

BAGOBIRI: Wallahi da 'yan gabanmu can sunka tai da tuni sun cika gida da kofuna.

ƊAN AMURKA: Mushe kai ka taɓa zuwa Ostareliyar?

MUSHE: Na karantar da ita a jogarafi.

ALHAJI: Bari in kashe bakin taubashina. VAR, sake duba hoto da arbit ke yi. Tun kofin duniya na 2018 a Rasha, an ci, kun yi tsalle, kun yar da takalma, sai arbit ya sa yatsa a kunne. Ni ina nan ana ja min layi ina ganin ƙafar da ta wuce. Ku kuna can kun yi tsuru tsuru kuna kiran na gida a waya, wai mi ya faru.

BAGOBIRI: Shampiyonarmu ba ta da wannan cutar, abin da arbit ya gani shi ke nan, abin da bai gani ba mu gaya mai. Kuma in tele ta fi, don mi lokacin kokowar takobi kake rufe shago ka bi mota har Tawa? Ba Télé Sahel na nunawa ba?

ALHAJI: Kokowa daban. Kiɗan nan, da kirari, da ƙurar fili in Issaka Issaka ya shigo...

BAGOBIRI: A ralanti?

ALHAJI: Mai shayi, ba shi na biyu ya yi mana shiru, an fara.

Aka fara mach. Gardama ta lafa, sai tsaki da kai kai kai. Can wajen minti na 40 aka kwashe wani a gaban raga, arbit ya ruga ya duba ekuran ya dawo ya nuna penalti. Alhaji ya miƙe tsaye yana cewa Bagobiri ka gani ko, ka ga aikin tele ko. Yaro ya aje balo, ya ja baya, ya ɗebo gudu, kuran ya ɗauke.

ALHAJI: Innalillahi. Kai yaro tada gurup.

MAI SHAYI: Ba esans Alhaji, tun jiya na gaya maka.

MUSHE: Tawa wayar juyawa kawai take, megas sun ƙare.

ƊAN AMURKA: Tawa na yi men, amma nan har yanzu ba a kwashe shi ba, shina tsakiyar fili da ƙafafunshi.

BAGOBIRI: A sitad ko an ɗauke kuran wallahi sai na ga...

ALHAJI: Mai piya wata.

MALAM: Ya harba ta sama. Sakarai.

Fada ta yi tsit. Mai shayi ya haska fitilar waya, sai ga wata 'yar igiya baƙa ta zubo daga ƙarƙashin rawani ta shige aljihun jallabiya.

MUSHE: Allah gafarta Malam, wannan igiyar fa?

MALAM: Labaran duniya nake saurare.

BAGOBIRI: To a labaran duniyar wa ya ɓarar?

MALAM: Yaron nan ne da tun bara nake cewa a saida shi, koci ya ƙi ji. Ku yi min shiru, an ba mu korne.