Kwamfuta Ba Ta Ƙarya

Duk wanda ya taɓa shiga motar nan tawa ya sha laccar lambobin taya. In danna maɓallin sitiyari, allo ya nuno iskar tayoyi huɗun, 33, 33, 33, 33, sai in juyo in kalli fasinja in jira yabo. Da safe 33, da rana tsaka 33, bayan doguwar tafiya ma 33. Abokina Dogo har ya haddace inda nake cewa wanda ya riƙe motar kafin ni mutum ne mai tsafta.

To, na kwana biyu ban samu wanda zan yi wa laccar ba, sai wata safiya mai sanyi na tayar da mota, fitilar nan ruwan ɗorawa mai hoton taya da alamar motsin rai a tsakiya ta kama, ta zauna daram. Ba ta ƙifta ba ko sau ɗaya. Masu irin motar sun san bambancin: in ta kama ta tsaya cak, iska ce ta yi ƙasa, kuma a motocin Amurka an tsara ta kama idan iskar ta faɗi da kashi 25 cikin 100 daga abin da kamfani ya rubuta. In kuwa ta yi ta ƙiftawa na minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ta tsaya, na'urar auna iskar ce kanta ba ta da lafiya. Na duba allo, na ga 24, 24, 24, 24. Tayoyi huɗu sun haɗa baki.

Na ɗauki Dogo muka tsaya wurin yaron nan mai faci. Ya sa geji ya zagaye motar, ya ɗago ya ce, "Oga, iskarka lafiya lau. Ta baya ɗaya ce kawai 30." Na ce gejinka ya mutu. Ya ɗauko wani gejin, abu ɗaya. Na ce shi ma ya mutu, na kira shi ya leƙo ta taga ya ga allo da idonsa, na ce masa da babbar murya, a gaban masu jiran layi, kwamfuta ba ta ƙarya. Yaro ya ce to nawa zai sa? Nan Dogo ya tsuguna, ya goge gefen tayar da hannun riga, ya karanto 44. Wannan lambar iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ta gaskiya tana manne a jikin ƙarfen ƙofar direba, amma Dogo ya faɗa da irin muryar da ba a musu da ita. Aka dura 44 a kowace ƙafa. Muka hau titi mota tana tsalle, haƙorana suna haɗuwa a kowane rami, allo kuma ya koma 23.

Daga nan shawarwari suka yi ta zuwa. Wani ya ce a cire kan batir a mayar, aka cire, agogo da tashoshin rediyona suka tafi, fitila tana nan. Wani ya ce akwai maɓalli a ƙarƙashin sitiyari, in danne shi har fitilar ta ƙifta, na kwanta a ƙasan mota ƙafafu a waje ina lalube. Wani ya ce in yi gudu na minti goma sha biyar za ta mutu da kanta. Maman yara ta ce in manna baƙin salatif a kai kowa ya huta, kuma a cikinsu duka ita kaɗai ce shawararta za ta yi aiki.

Ƙarshe dai na kai ta wurin Injiniya, mai wayarin ɗin nan da ke da na'urar gwaji. Kuma da yake ranar ba tawa ba ce, wa zan tarar zaune a kan tsohuwar taya, ƙafa ɗaya kan ɗaya? Kawu. Kawun Maman yara, ba nawa ba, a riƙa bambancewa.

Ban san abin da ya kai shi wurin ba, don motarsa ba ta da wata waya da ta rage da za a gyara. Mutumin da allon motarsa duk fitilun sun mutu tun tuni, yake gane mai ya ƙare idan mota ta tsaya. Kuma kun san maganar wayar tayar da batir ɗina. Sabuwa dal, a cikin jakarta, ya ce aro na yini ɗaya. Da na tambaya ya ce tana wurin wani, da na sake tambaya ya ce wace waya? Daga baya na gan ta da idona a but ɗinsa, jan bakin ya karye an ɗaure da ƙyalle, ya ce ai tasa ce, irinsu ɗaya ne kawai. Maman yara ta ce in bar maganar don girmansa. Na bari. Ga shi ma yanzu ban tayar da ita ba.

Injiniya ya fito da na'urarsa, 'yar ƙarama mai allo. Yadda abin yake, a cikin kowace taya akwai sensa, wato 'yar na'urar auna iska, a gindin bawul, da ɗan batirinta a rufe ruf. Na'urar tana tashinta da sigina na 125 kHz, ita kuma ta amsa a kan 315 MHz in motar ta Amurka ce, ko 433 in ta Turai ce, ta faɗi lambarta, da yawan iska, da zafin tayar, da ƙarfin batir. Ganin Kawu na kallo, sai na gyara tsayuwa na fara yi wa yaran shagon bayani. Na ce wannan fasaha ba wasa ba ce, Amurka ta yi doka a 2000 bayan haɗurran tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer, daga Satumbar 2007 duk sabuwar ƙaramar mota dole ta zo da ita, Turai ta bi sahu a 2014. Yara suna gyaɗa kai. Ina jin daɗin kaina.

Injiniya ya kara na'urar a tayar gaba ta hagu. Shiru. Ta dama, shiru. Na baya biyu, shiru. Ya sa aka sace iskar ɗaya, aka danne bakin tayar daga jikin rim, ya haska tocila ya leƙa, ya ɗago a hankali.

"Yallaɓai, babu kowa a ciki fa."

Na ce kamar yaya babu kowa? Ya ce bawul ne na roba zalla, irin na kowace mota. Ya ce akwai motocin da ba su da sensa a taya, suna lissafi ne da na'urar birkin ABS, tayar da ta yi laushi tana juyawa da sauri fiye da sauran, amma irin waɗannan ba sa nuna lamba. Tawa tana nunawa. Ke nan akwai mai yi wa motar magana, kuma yana kusa.

Ya fara zagaye motar da na'ura a hannu. Yana isa but sai ta yi ƙara. Ya ce ƙila safaya ce, wasu motocin har ita suna da sensa, ta yi laushi a ɓoye mai mota yana ta zagin tayoyin ƙasa. Aka fito da safaya aka jingine, aka kara na'ura, shiru. Ya mayar da hannu cikin ramin but, ƙara ta dawo. Sai na ga ya kama bututun nan.

Wasunku sun san bututun. Fari, tsawonsa bai kai kamu biyu ba, an toshe bakinsa biyu, an ɗaure shi da igiyar roba a gefen jak. Na daka tsawa na ce, "Injiniya, kar ka taɓa wannan, na kamfani ne!" Ya tsaya da shi a hannu. Na ce tankin daidaita iska ne, da shi motar ta zo. Haka na gaya wa Dogo, haka na gaya wa mai wankin mota har na hana shi jiƙa wurin, haka na gaya wa wani jami'i da ya taɓa buɗe but ɗin a hanya, kuma ya yarda.

Injiniya bai ce komai ba. Ya juya bututun, sai ga busasshen gam ya zubo ta gefen murfin, ga bawul ɗin taya an huda an cusa, ga rubutun masu kayan famfo a jiki har da inci nawa ne. Ya kara na'ura: lamba ta farko, 23. Ta biyu, 23. Ta uku, ta huɗu. Ya girgiza shi kusa da kunnena, abu yana ƙwal-ƙwal a ciki. Wani yaro ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Wani ya shige bayan shago, ina jin sa daga can. Ni kuma hannuna yana nan a sama inda na ɗaga shi lokacin da nake cewa na kamfani ne, na rasa yadda zan sauke shi.

Kawu bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Tasowa ya yi, ya karɓi bututun, ya duba wannan baki ya duba wancan, ya ce, "Ɗana, wannan kamfanin a wace shekara Amurka ta yi dokarsa?"

Nan shagon ya fashe. Har Dogo, mai 44.

Aka sa zarto aka yanka. Sensa huɗu, kowace a naɗe da soso, lafiyarsu ƙalau in ban da ɗaya. Mutumin kirkin da ya riƙe motar kafin ni ya canza rim, ya ƙi biyan kuɗin mayar da su, ya zuba su a bututu ya dura iska 33, mota tana ta karanta lafiyar bututu. Gam ya tsufa ya fara yoyo, sanyi ya ƙarasa. Injiniya ya ce dabarar ba ta ci a kowace mota, don wasu sensoshin ba sa farkawa sai taya tana juyawa, nawa dai an yi sa'a. Ya ce da ma alamar tana nan tun farko: tayar gaske iskarta tana hawa idan ta yi zafi a hanya, tana sauka wajen 1 a duk digiri 5 ko 6 na sanyi, huɗu ba sa zama daidai kullum. Ni dai har gobe ina cewa bututun ya yi kama da na kamfani, wanda ya haɗa shi ya iya aiki.

Ukun aka ɗaura da sababbin robobi, ta huɗun batirinta ya kusa mutuwa, kuma ba a canza shi, shekara 5 zuwa 10 yake yi sai a sayi sensa sukutum. Aka samo mai 315, aka sa na'ura ta gabatar wa motar kowace da ƙafarta, aka sauke iska zuwa abin da ke jikin ƙofa. Tayar bayan nan da yaro ya ce 30, aka zuba mata ruwan sabulu, kumfa ta taso a kan wata 'yar ƙusa.

Yanzu allo yana nuna 33, 32, 34, 33, ba kyan gani, na daina nuna wa mutane. Yaron mai faci kuwa labari ya riga ni isa, in na wuce sai ya ɗaga geji sama ya ce, "Oga Kwamfuta, a duba?" Na canza hanya, amma wancan titin ramuka sun yi yawa.

Guntayen bututun Kawu ne ya kwashe, wai zai yi amfani da su a gida. Ya kuma tambayi Maman yara ko ina da gejin iska na aro. Ina da shi, sabo. Na ce ta ce masa babu.