Kasat ɗin Dubu Takwas

Kun dai san ciwona, tara tsofaffin kasakasan bidiyo. Akwai wani fim na 'yan daba da na kalla a gidan kallo wajen 1998, ba waƙa ba rawa, sai yara masu shaƙar sholisho da wata uwa da ke ta kuka. Shi ya sa bai yi kasuwa ba, da CD ya zo ma ba wanda ya damu ya juye shi. Irin wannan mu masu tarawa muke bi ido rufe. Shekara uku ina cigiya, sai ranar Asabar wani dattijo a Ƙofar Wambai ya zaro mini shi daga gindin buhu, ya ce dubu takwas. Ko tayi ban yi ba.

Na aro bidiyo, na tara 'yan majalisa bayan isha'i, na sayi gyaɗa. Har lacca na yi musu, wai yau za su ga fim na gaskiya, ba irin na wayoyinsu ba.

Kasat ya shiga. Sunaye suka wuce, wani yaro ya zaro gariyo a lungu, na ce "Ku kula da nan!" Ban rufe baki ba hoto ya yi rawa, sai kalangu. Sai ga wata hajiya da ɗaurin kai kamar faranti tana liƙi. Na ce talla ce. Aka yi shiru. Hajiya ta biyu ta shigo fili. Na ce da haka tallarsu take da tsawo. Da amarya ta fito na ciro kasat na juya, sai ga selotef a kan ramin nan da ake ɓallewa don kada a ɗauki wani abu a kai. Bikin wasu aka danne mini fim da shi!

Mutuminku mai gyaran waya kuwa, wanda tun azumi nake bin sa dubu biyu, baki cike da gyaɗata, cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, wace ce 'yar dabar, amarya ko uwar ango?" Wannan fa mutumin da ko gaisuwa sai ya ga dama. Shi ya mayar da kasat ɗin, ya hana kowa tashi, wai ta uku a layi ta yi kama da gwaggonsa. Awa uku muna kallon bikin da ba mu san masu shi ba.

Kasat ɗin ma yana wajensa yanzu. Mai bidiyo kuma ya aiko yaro sau biyu.